Yadda Ake Gane Kwabo Mai Kuskuren Bugu da Yadda Ake Yi Masa Kuɗi

A cikin adakar kakarmu a Mandawari muka tarar da wani tsohon gwangwanin alawa bayan rasuwarta, Allah Ya jiƙanta. Da muka buɗe sai ga sulalla sun kai tafi biyu: anini, kwabo mai huji, taro, sisi, da 'yan kwandaloli na baya-bayan nan. Ɗaya daga cikin kwabban ya ja hankalina, domin hujinsa bai zauna a tsakiya ba, ya karkace har ya ci wani sashe na tauraron da ke bayansa. Don in ga rubutun sosai sai na samu toka da lemon tsami na dirje shi har ya yi ƙyalli, sannan na kai shi Kasuwar Kurmi wajen wani dattijo mai sayar da kayan da. Ya juya shi a tafin hannu, ya ɗago ya dube ni.

"Ɗana, wa ya wanke wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Kuskuren na gaske ne. Amma ka wanke fiye da rabin kuɗinsa da hannunka."

Har yau abin yana yi mini ciwo, kuma shi ya sa na zauna na koyi harkar. Yanzu bidiyoyi sun cika Facebook da TikTok ana cewa duk kwabon da ya fita daban miliyoyi ne. Ba haka ba ne. Mafi yawan abin da ido ke ɗauka kuskure rauni ne da kuɗin ya samu a hannun mutane. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: injin buga kuɗi zai iya yin wannan, ko kuwa bayan kuɗin ya bar gidan bugu ne abin ya same shi?

Inda za ka samo abin dubawa

Sulallan naira sun daina zagayawa a Kano, ko mai ƙosai ba ta karɓa. Na ƙarshe da Babban Bankin Najeriya ya fitar su ne kwabo 50 da naira 1 da naira 2, ranar 28 ga Fabrairu 2007, kuma 2006 ce shekarar da ke jikinsu. Amma birnin nan ba ya rasa tsaba. 'Yan kasuwar Maraɗi da Damagaram suna shigowa Kwari da Dawanau da sulallan sefa a aljihu. Alhazai suna dawowa da ragowar riyal a ƙasan jaka. Masu zuwa Ingila da Amurka haka. A Wapa ɗan canji ya fi son takarda, don haka tsabar waje takan taru a aljihun tebur. Sai kuma asusun yara, da kwallar tsofaffi, da teburan Kurmi. Ka tara da yawa masu iri ɗaya, domin ba a gane mai kuskure sai an ajiye shi kusa da lafiyayyen ɗan'uwansa.

Fara da sanin yadda ake buga kwabo

Wanda bai san wannan ba, ɓata lokacinsa yake yi. Ana murza ƙarfe ya zama dogon falle mai kauri daidai. Inji ya yayyanko ƙananan faya-fayai daga fallen, kamar yadda ake yanka kwaɓin fulawa da bakin kofi. A ɗan tada gefen kowane faifai. Daga nan faifan ya faɗa tsakanin hatimai 2 na ƙarfe mai tauri, na sama da na ƙasa, akwai kuma zobe da ke riƙe shi ta gefe don kada ya baje. Bugu ɗaya mai tsananin ƙarfi, fuska da baya da gefe duk sun fito lokaci guda.

Ka ga ke nan wurare uku ne kawai kuskure zai fito: daga faifan, daga hatimin, ko daga bugun kansa. Duk abin da ba za ka iya danganta shi da ɗayan ukun nan ba, rauni ne. Ka kuma riƙe wannan: zanen hatimi a lotse yake, shi ya sa na kwabo ke tasowa. Idan hatimi ya tsage, ƙarfe yana shiga tsagar, sai layin ya fito a tashe a jikin kwabo. Layin da ya nutse ciki kuwa ƙarzanewa ce, ƙusa ko wuƙa ko dutse.

Kayan aiki

Madubin ƙara girma mai ninki 10, irin na masu gyaran agogo da waya. Ƙaramin sikelin lantarki mai nuna 0.01 na giram, irin na masu sayar da zinari. Maganaɗisu. Farin ƙyalle mai laushi da za ka shimfiɗa, da fitila mai haske ɗaya da za ka haska daga gefe. Ka riƙa kama kuɗin ta gefensa, kada yatsa ya taɓa fuska, domin gumi yana barin tabo.

Matakan dubawa

Na farko, ka san abin da ke hannunka: ƙasa, shekara, daraja, da alamar gidan bugu. A kuɗin zamanin Turawa mai rubutun British West Africa, ƙaramin harafin H yana nufin gidan Heaton da ke Birmingham, KN kuma King's Norton, wanda ba shi da alama galibi na gidan bugun Sarauta ne na Landan. Wasu na ganin haruffan nan su zaci kuskure ne. Shafin Numista a intanet yana nuna hoto da nauyi da faɗi da irin ƙarfen kusan kowane kwabo, kyauta.

Na biyu, auna. Tsohuwar dala 20 ta sefa, wato faran 100, giram 7 ce. Fenin Ingila 20 giram 5 ne. Sentin Amurka na tagulla giram 3.11 ne, daga 1982 aka koma wanda ke da giram 2.5. Ƙasashe suna sauya ƙarfe lokaci zuwa lokaci, saboda haka gwada naka da na shekararsa. Tsufa yana rage nauyi kaɗan, amma idan rubutu ya fito raɗau kuma nauyi ya yi nisa da ƙa'ida, ajiye shi gefe, ƙila an buga shi a kan faifan wani kuɗin ne.

Na uku, juya shi. Riƙe shi fuska a tsaye, ka juya daga dama zuwa hagu kamar kana buɗe shafin littafi. Kuɗin Ingila bayansa zai fito a tsaye. Na Amurka da na sefa zai fito kai a ƙasa, kuma haka aka tsara su. Na sha ganin samari suna murna sun samu sefa "mai juyayyen baya", alhali duk 'yan'uwanta haka suke. Kuskure shi ne idan naka ya saɓa wa 'yan'uwansa, ya karkata kwata ko rabi.

Na huɗu, gefe. Mutane suna mantawa da shi, alhali nan asirin jabu ke tonuwa. Na biyar ne madubi, kuma sai ka bi a hankali: shekara, haruffa ɗaya bayan ɗaya, hoton, sannan filin da ba rubutu.

Kura-kuran faifai

Gutsurarren faifai shi ne wanda aka yanko shi ya ci wurin da aka riga aka yanka, sai ya fito da gibi kamar an gatsa. Mai almakashin ƙarfe ma zai iya yin gibi, to ga yadda ake bambancewa. A na gaske, rubutun da ke kusa da gibin yana dusashewa a hankali kamar yana malalewa cikinsa, kuma sau da yawa gefen da ke fuskantar gibin daga ɗaya ɓangaren yakan fito a raunane. A wanda aka yanka da hannu, harafi yana tafiya da ƙarfinsa sai kawai ya katse, bakin yankan kuma da kaifi ko alamar zarto.

Akwai ɓawo, inda ƙarfen bai haɗu da kyau ba sai wani falle ya ɗago kamar ɓawon albasa. Kada ka ɓare shi, a haka ake so.

Mu nan muna da wani kuskure da ƙasashe da yawa ba su da shi, saboda anini da ɗari, wato rabin kwabo, da kwabo duk masu huji ne, tun daga 1907 har kwabon 1959. Hujin kan kauce daga tsakiya, wani lokaci ma a manta ba a huda ba gaba ɗaya. Na ƙarshen ya fi daraja, kuma shi aka fi yi wa algus, a toshe hujin da dalma ko tagulla a goge. Haska fitila daga gefe, za ka ga zoben da ya kewaye toshiyar da bambancin launi. Huji na biyu a kusa da baki kuwa ba na gidan bugu ba ne, iyayenmu ne suka huda don sarƙa ko adon gashi.

Kura-kuran hatimi

Tsagar hatimi ita ta fi yawa, kuma ba ta ƙara kuɗi sosai. Idan gefen hatimin ya ɓalle, sai ka ga dunƙulen ƙarfe ba zane a manne da bakin kwabo, wannan ya fi tsaga daraja, gwargwadon girmansa.

Rubutu mai ninki biyu shi ne ya fi ruɗa mutane, kuma a nan nake so a tsaya sosai. Iri biyu ne. Akwai wanda tun wajen yin hatimin zanen ya hau sau biyu, to duk kwabon da hatimin ya buga zai fito haka. A wannan, hoto na biyu yana da tudu da kumburi daidai da na farko, harafi yana ƙara kauri, kuma a ƙarshen harafi za ka ga 'yar tsaga kamar harshen maciji. Shahararren misali shi ne sentin Amurka na 1955, wanda ninkin shekararsa ko ba madubi ana gani. Ɗaya irin kuma hatimi ne ya ɗan girgiza lokacin bugu ya shafe gefen harafi. Ninkinsa a shimfiɗe yake kamar matattakala, kuma harafin sirancewa yake yi maimakon kauri. Wannan kusan ba ya ƙara ko sisi. Idan ka duba goma masu ninki, kada ka yi mamaki duk goman su zama na biyun.

Sai alfadari, kamar yadda masu harkar ke kiransa, wato an haɗa hatimin fuskar wani kuɗi da na bayan wani. Wannan ne nake roƙon duk mai gwangwanin kaka ya duba. Sarki Joji na shida ya mutu a Fabrairu 1952, saboda haka kwabon 1956 sunan Sarauniya Elizabeth ya kamata ya ɗauka. Amma akwai kwabon 1956 da aka buga da tsohon hatimi mai rubutun GEORGIVS, wato sunan Joji. Akwai kuma na 1945 mai sunan Edward na takwas, wanda ya sauka daga sarauta tun Disamba 1936. Kwabon 1936 mai sunan Edward kuwa daidai yake, an buga shi da yawa, kada a yaudare ka da cewa na sarkin da bai shekara ba ne don haka babu irinsa. A kuɗin Ingila na yanzu, lokacin da aka sauya zane a 2008 an haɗa sabon baya da tsohuwar fuska a wasu feni 20, suka fito babu shekara ko ta wane ɓangare. Wanda ya dawo daga Landan da canji ya duba.

Kura-kuran bugu

Waɗannan ido ke gani tun daga nesa. Bugun da ya kauce, inda zane ya tafi gefe ɗaya ya bar fili fayau kamar jinjirin wata. Bugun da zobe bai riƙe ba, kwabo ya baje ya fi 'yan'uwansa faɗi, gefensa sumul, amma nauyinsa daidai. Bugu biyu, inda kwabo bai fita ba aka sake dukansa. Da wanda wani kwabo ya manne wa hatimi ya buga na bayansa, sai fuska ɗaya ta fito a lotse kuma rubutunta a juye kamar a madubi. Ana kwaikwayon wannan ta hanyar matse kwabbai biyu da guduma, amma sai ka ga ɗaya fuskar ta tauye, alhali a na gaske lafiya lau take.

Harafin da ya ɓace yawanci maiƙo ne ya cike hatimi. Idan wurin sumul ne ba ƙarzane, kuskure ne, amma ƙarami.

A masu launi biyu, irin naira 1 da naira 2 na 2006, sefa 200 da 250 da 500, da riyal 1 da 2 na 2016, cibiyar takan zauna a karkace ta malalo kan zobe. Amma kwandalar da cibiyarta ta fita ko aka juya ta, kada ka saya, yara ma suna fitar da ita da guduma.

Abin da ba kuskure ba ne

Kwabban 1973 "Unity and Faith" kawai ke ƙarƙashin tambarinsu. Ba a manta "Peace and Progress" ba, a 1978 aka ƙara wa taken ƙasa wannan. Aninin 1907 da ka ji shi ba nauyi kamar murfin kwalba, na alminiyam ne, haka aka fara yin sa kafin a sauya ƙarfe a 1908. Sulen 1913 fari ne na azurfa, na bayan 1920 ruwan ɗorawa, shi ma sauyin hukuma ne. Dalar azurfa mai hoton Mariya Tariza da ake gani a Kurmi, 1780 da ke jikinta ba shaidar tsufa ba ce, an ci gaba da buga ta da shekarar nan har zamaninmu. Ka auna ta, ta gaske tana da giram 28 da ɗan ɗoriya.

Kwabon da ya sha wuta yakan kumbura. Wanda ya daɗe a ƙasa yakan yi ƙuraje da ramuka. Wanda aka jiƙa a ruwan batir yakan sirance, rubutu ya yi laushi. Wanda mota ta taka a kwalta kowa ya san shi. Akwai kuma jabun da, domin a zamanin Turawa an yi ta zuba sulen ƙarya. Alamarsa layin haɗi a gefe, 'yan ramuka kamar na kumfa, da haruffa marasa kaifi. Maganaɗisu ma yana taimakawa: sentin Amurka na 1943 na baƙin ƙarfe ne saboda yaƙi, 'yan kaɗan ne aka buga da tagulla bisa kuskure, har aka sayar da ɗaya dalar Amurka miliyan 1.7 a 2010. Tun daga nan ake ta shafa wa na ƙarfe ruwan tagulla. Idan ya manne wa maganaɗisu, magana ta ƙare.

Yi masa kuɗi

Kafin komai, doka. Sashe na 21 na Dokar Babban Banki ta 2007 ya hana lalata naira, ya kuma hana tallarta da sayar da ita, takarda ko tsaba, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Idan ka samu kwandalar 2006 mai kuskure, shawarata ka adana ta. Kuɗin Turawa da na ƙasashen waje ba su shiga nan ba. Amma idan tsohon kuɗi ne sosai kuma kana son aika shi waje, fara zuwa Gidan Makama ka tambayi ma'aikatan hukumar adana kayan tarihi, domin dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba izini.

Abubuwa huɗu ke tsayar da farashi, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Girman kuskuren: wanda ake gani da ido ya fi wanda sai da madubi nesa ba kusa ba. A bugun da ya kauce, an fi son wanda ya kai wajen rabi amma shekara tana nan, idan shekara ta ɓace farashi ya sauka. Sai ƙaranci. Sai lafiyar kuɗin, wadda masu harkar ke aunawa daga 1 zuwa 70, inda 60 zuwa sama ke nufin bai taɓa shiga kasuwa ba. Na huɗun shi ne wanda muke mantawa, wato masu so. Masu tara kuɗin Amurka da Ingila suna da ɗimbin yawa, masu tara sefa da kwabo kaɗan ne. Kuskure iri ɗaya, farashi ya sha bamban. Wannan ba ya mini daɗi, domin kwabo 25 mai hoton dalar gyaɗa ya fi mini kowane senti, amma haka kasuwar take.

Don sanin farashi, kada ka dubi abin da mai kaya ya yanka, dubi abin da aka sallama. A eBay, kasuwar intanet, akwai wurin tace kayan da aka riga aka sayar. Gidajen gwanjo irin su Heritage da Spink da Noonans suna ajiye sakamakon cinikinsu a shafukansu. Nemo ciniki 3 zuwa 5 na irin naka, masu lafiya kamar naka, na kwanan nan. Jefar da mafi tsada da mafi araha, ka ɗauki tsakiya. Daga ciki ka cire la'ada da kuɗin aikawa da asarar canji, abin da ya rage shi ne kuɗin kwabonka a Kano. Dillali zai taya ƙasa da haka, kuma ba zalunci ba ne, shi zai jira mai saye.

Kamfanonin PCGS da NGC suna tantance kwabo su rufe shi a roba da shaidarsu. Aikin yana cin dala masu yawa, ga aikawa da dawowa, saboda haka alfadari ko bugu a kan faifan wani kuɗi ne kawai suka cancanci wahalar. Kafin nan ɗauki hoto mai kyau na fuska da baya da gefe, da wani yana kan sikeli lamba na nunawa, ka nuna wa masu sani fiye da ɗaya.

Duk wanda ya kira ka ya ce akwai Bature a otal zai sayi aninka miliyoyi, amma ka fara biyan kuɗin gwaji ko na rajista, ɗan damfara ne. Haka masu cewa tsohon kwabo yana jan shinkafa ko yana da wani sinadari a ciki. Mai saye na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun mai sayarwa.

Wajen ajiya, kada ka wanke, ko da omo ko tsamiya ko man goge ƙarfe. Duhun da tagulla ke yi da shekaru shi masu saye ke nema, kuma madubi yana nuna ƙarzanen wanki ko bayan shekara 20. Saka kowanne shi kaɗai a 'yar ambulan ta takarda, ka rubuta ƙasa da shekara da nauyi da kuskuren da inda ka samo shi. Kauce wa leda mai laushi, tana sa kore a jikin ƙarfe. Da damina ka sa ambulan ɗin cikin gwangwani mai murfi, tare da 'yar jakar nan mai tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi, ka ɗora shi a sama nesa da bango.